Siminti, Ƙarfe, da Hayaƙin da Ido Ba Ya Gani

Gabatarwa

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani abu da kowannenmu ya sani, wato siminti. Duk wanda yake zaune a Boɗinga ko Shagari, ko a wani ƙauye na bakin babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega, ya saba ganin tireloli ɗauke da buhunan siminti suna wucewa dare da rana. Da shi muke gina ɗakunan kwana da azuzuwan makaranta, da shi ake ɗaure bakin rijiya, da shi kuma ake yin kwalbatin da ke hana ruwan damina yanke hanyar kasuwa. Ba mai hankalin da zai ce a daina yinsa.

Amma masana sun tabbatar cewa yin siminti yana fitar da kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam yake saki a sararin sama kowace shekara, narkar da ƙarfe kuma yana fitar da kusan haka. Wannan iska ita ce babbar sanadin ɗumamar duniya. Saboda haka ne a shekarun nan ake ta maganar wata dabara ta kama iskar a bakin bututun masana'anta, a binne ta a ƙarƙashin ƙasa. Za mu duba yadda dabarar take, da abin da aka gani a wuraren da aka gwada ta, sa'an nan mu tambayi kanmu ko ita ce ya kamata ƙasarmu ta fara da ita, da kuma wanda ya cancanci ya biya kuɗinta.

Inda simintinmu yake fitowa

Masana'antar simintin Sakkwato tana Kalambaina, a ƙaramar hukumar Wamakko. An kafa kamfaninta a shekarar 1962, a zamanin Firimiyan Jihar Arewa, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, ta kuma fara aiki a 1967 da ƙarfin tan 100,000 a shekara. A 1985 aka ƙara sashe mai ƙarfin tan 500,000. Bayan da ta koma hannun kamfanin BUA, an buɗe sabon sashe mai tan miliyan ɗaya da rabi a 2018, da wani mai tan miliyan 3 a watan Janairun 2022, wani kuma mai irin wannan girma ya biyo baya a 2024. Wato cikin shekara sittin aikin ya ninka sau da dama, ya kuma zama abin dogaron dubban iyalai, tun daga ma'aikatan ciki har direbobi, 'yan dako da masu buga bulo.

Dalilin kafa ta a wurin shi ne dutsen farar ƙasa da Allah ya shimfiɗa a ƙarƙashin yankin. Masana duwatsu sun nuna cewa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, wani teku marar zurfi ya rufe wannan ƙasa da muke nomawa yau. Ƙananan halittun ruwa suka riƙa ɗaukar kabon suna gina ɓawon jikinsu da shi, sa'ad da suka mutu kuma ɓawon ya taru a ƙasan teku, ya danne juna, har ya zama dutse. Shi ya sa har yanzu ake tsintar burbushin halittun teku a duwatsun wajen Dange da Wurno. Dutsen farar ƙasa, ke nan, rumbu ne da aka ɓoye kabon a cikinsa tun kafin a yi ɗan Adam.

Domin yin siminti, sai a fasa dutsen, a niƙa shi tare da yumɓu, a zuba cikin wani dogon tanderu mai juyawa, a gasa shi da zafin da ya kai digiri 1,450. Abin da ke fitowa wasu 'yan dunƙule-dunƙule ne masu tauri da ake kira kilinka. Su ake niƙawa da ɗan jifsam su zama garin simintin da muke saya.

Hayaƙi iri biyu

A nan ne ya kamata mu natsu, gama wannan shi ne ginshiƙin darasin. Iskar kabon tana fita daga tanderun siminti ta hanya biyu. Ta farko ita ce ta makamashin da aka ƙona domin samun zafi, ko kwal ne, ko baƙin mai, ko iskar gas. Ta biyu kuwa daga cikin dutsen kansa take fita. Idan aka gasa kilo 100 na tsantsar dutsen farar ƙasa, kilo 56 ne yake saura, kilo 44 kuma ya tashi sama a matsayin iskar kabon. Wato wuta tana buɗe rumbun nan da halittun teku suka rufe. Kimanin kashi 60 cikin 100 na kabon da masana'antar siminti take fitarwa daga dutsen yake, sauran kuma daga makamashi.

Ma'anar wannan ita ce, ko da za a hura tanderun da wutar hasken rana zalla, fiye da rabin hayaƙin yana nan, domin ba a samun kilinka sai dutse ya saki kabon ɗinsa. Wannan ne ya bambanta siminti da tashar wutar lantarki, wadda za a iya rufe ta a kafa faifan hasken rana a madadinta. Bisa matsakaicin ƙiyasi na duniya, kowane tan ɗaya na siminti yana barin kimanin kilo 600 na iskar kabon a sama. Idan muka raba, buhu ɗaya mai kilo 50 ya bar kusan kilo 30.

Kada kuma mu haɗa wannan iska da ƙura. Ƙurar masana'anta ana ganinta, tana sauka a kan ganye da rufin kwano, tana shiga huhu, akwai kuma matatai da ke tare ta idan an kula da su. Iskar kabon ba ta da launi, ba ta da wari, matatar ƙura kuma ba ta tare ta. Ba ta cutar da maƙwabcin masana'anta nan take. Tana haurawa sama ta gauraya da iskar duniya, wani ɓangare nata ya daɗe ɗaruruwan shekaru yana riƙe zafin rana kamar bargo.

Ina ruwanmu?

Kafin zamanin manyan masana'antu, iskar kabon a sararin sama kashi 280 ce cikin miliyan. A 2024 ta haura 420, kuma shekarar ita ce mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi. A watan Afrilun wannan shekara ta 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa ruwan sama mai tsananin ƙarfi a yankin Sahel ya ninka sau uku tun daga 1982. Mutanen Sakkwato ba su manta da ambaliyar watan Satumban 2010 ba, wadda ta cinye gonaki da gidaje, ta kuma yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ba za a ɗora kowace ambaliya ko kowane fari a kan ɗumamar duniya kaɗai ba, amma ita ce take ƙara musu yawa da tsanani.

Manomin gero a Boɗinga, da mai noman albasa a fadama, da makiyayin da ke neman mashaya a ƙasar Shagari, su ne a sahun gaba wajen shan wannan wahala, alhali kuwa nahiyar Afirka baki ɗaya ba ta fitar da abin da ya kai kashi 4 cikin 100 na iskar kabon ta duniya. Rabon ɗan Nijeriya ɗaya bai kai tan ɗaya a shekara ba, na Ba'amurke kuwa ya haura tan 13. Duk da haka ƙasarmu ta sa hannu a yarjejeniyar Paris ta 2015. A taron Glasgow na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa nan da 2060 Nijeriya ba za ta fitar da kabon fiye da wanda take iya shanyewa ba, a watan Nuwamban shekarar kuma aka sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi. Ba yadda za a cika wannan alkawari ba tare da an taɓa siminti da ƙarfe ba.

Ƙarfe: abin koyi daga zamanin Shagari

Garin Shagari yana da tasa alaƙa da wannan batu, gama ɗansa, marigayi Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, ya ɗauki aikin ƙarfe a matsayin ƙashin bayan ci gaban ƙasa. A 1980 ya aza harsashin masana'antar Ajaokuta, wadda aka gina da taimakon Tarayyar Sobiyat. A watan Janairun 1982 ya buɗe ta Aladja kusa da Warri. A wannan zamani ne kuma aka kafa masana'antun mulmula ƙarfe a Katsina, Jos da Oshogbo.

Ajaokuta da Aladja sun bi hanyoyi daban. An tsara Ajaokuta a kan tsohuwar hanya ta babban tanderu mai cin gasasshen kwal, wadda take fitar da kimanin tan 2 na iskar kabon a kan kowane tan na ƙarfe. Har yau ba a hura wannan babban tanderu ba. Aladja kuwa an tsara ta ne ta tace tama da iskar gas, sa'an nan a narkar da ita da wutar lantarki. Wannan hanya ta biyu hayaƙinta bai kai na farko ba, kuma ita ce yau duniya take komawa gare ta, domin ana iya musanya iskar gas da haidirojin, wanda idan ya yi aikinsa tururin ruwa yake bari. A ƙasar Suwidin, shirin da ake kira HYBRIT ya samar da ƙarfe na farko ta wannan hanya a 2021, aka kai wa kamfanin Volvo.

Abin koyi a nan shi ne, ƙarfe yana da wata ƙofar fita, gama ana iya sauya yadda ake tace shi, ana kuma iya sake narkar da tsohon ƙarfe, irin wanda 'yan gwangwan suke tarawa a garuruwanmu. Duk lokacin da aka tashi farfaɗo da masana'antun ƙarfe na ƙasarmu, zaɓin hanyar da za a bi zai ɗaure mu shekara talatin ko arba'in. Siminti kuwa ƙofarsa ta fi ƙunci, saboda kabon na cikin dutse. Shi ya sa masu maganar kama iskar kabon suka fi kafa hujja da shi.

Yadda ake kama iskar

Aikin yana da mataki uku. Na farko shi ne rabewa. Hayaƙin da ke fita daga tanderu gauraye yake da wasu iskoki, sai a bi da shi ta cikin wata doguwar hasumiya inda wani ruwan sinadari mai suna amin yake zubowa daga sama. Ruwan yana shanye iskar kabon ya bar sauran su wuce. Daga nan sai a kai ruwan wata hasumiya a dafa shi da zafin kimanin digiri 120, ya saki iskar ita kaɗai, a mayar da shi ya sake aiki. Mataki na biyu shi ne a matse iskar har ta zama kamar ruwa, a ɗauke ta ta bututu ko jirgin ruwa. Na uku shi ne a tura ta ta rijiya zuwa cikin dutse mai ƙananan ƙofofi, a zurfin da ya wuce mita 800, inda akwai wani dutse marar ƙofa a samansa da zai zama murfi.

Kowane mataki yana cin makamashi da kuɗi mai yawa, musamman dafa ruwan sinadarin. Akwai kuma bukatar kiyayewa, domin iskar kabon ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, idan ta fita da yawa a lokaci ɗaya takan kwanta a kwari ta shaƙe mai rai. Maƙwabtanmu na Kamaru sun ga haka a watan Agustan 1986, sa'ad da tafkin Nyos ya saki iskar da ta taru a ƙasansa, ta hallaka mutane kimanin 1,700 da dabbobi masu yawa. Wannan daga Allah ne, ba aikin masana'anta ba, amma ya nuna abin da ya sa dole a zaɓi wurin binnewa da hankali, a kuma ci gaba da lura da shi shekaru masu yawa.

Wasu sukan ce, maimakon binnewa, a yi amfani da iskar. Lalle ana yin haka. Ita ce take sa lemun kwalba kumfa, da ita kuma ake haɗa takin yuriya da manomanmu suke zubawa. Sai dai da zarar an buɗe kwalbar, ko takin ya narke a gona, iskar ta koma sama. Amfani irin wannan jinkiri ne kawai.

Abin da aka gani a inda aka gwada

Ƙasar Norway ce ta daɗe a wannan aiki. Tun 1996 ake binne iskar kabon da aka rabe daga iskar gas a filin Sleipner, a ƙarƙashin Tekun Arewa. A nan Afirka an gwada a In Salah, cikin hamadar Aljeriya, daga 2004, aka binne kimanin tan miliyan 3.8, sa'an nan aka dakatar a 2011 saboda shakkar ƙarfin dutsen da ke rufe wurin. A Abu Dhabi, tun 2016 ake kama iskar wata masana'antar ƙarfe, amma ana tura ta cikin rijiyoyin mai ne domin a ƙara tatso man fetur. A Ostireliya, babban aikin Gorgon da ya fara a 2019 ya kasa binne adadin da aka yi alkawari.

A fannin siminti kuwa, sai a watan Yunin 2025 aka buɗe masana'anta ta farko a duniya mai kama iskar kabon da yawa, a garin Brevik na Norway, mallakar kamfanin Heidelberg Materials. An tsara ta kama tan 400,000 a shekara, wato kimanin rabin abin da masana'antar take fitarwa. Jirgin ruwa ne yake kai iskar gaɓar yammacin ƙasar, daga can a tura ta ta bututu a binne a zurfin mita 2,600 ƙarƙashin ƙasan teku. Gwamnatin Norway, wadda take da arzikin mai da 'yan ƙasa kaɗan, ita ta biya mafi yawan kuɗin.

Idan aka haɗa dukan ayyukan kama iskar kabon na duniya, ƙarfinsu a 2024 bai wuce kimanin tan miliyan 50 a shekara ba, alhali duniya tana fitar da fiye da tan biliyan 35 daga makamashi da masana'antu. Dabarar tana aiki, wannan ba gardama. Amma bayan kusan shekara talatin, abin da take kamawa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari biyar ba.

Za ta yiwu a ƙasar Sakkwato?

Bari mu auna da namu ma'auni. Sashe ɗaya mai tan miliyan 3, idan yana aiki da cikakken ƙarfinsa, bisa matsakaicin ƙiyasin nan na duniya zai fitar da abin da ya kusa tan miliyan 2 na iskar kabon, wato fiye da ninki huɗu na abin da Brevik take kamawa. Brevik tana bakin teku, Kalambaina kuwa tana da nisan fiye da kilomita 1,000 ta hanyar mota daga yankin Neja Delta, inda tsofaffin rijiyoyin mai da zurfafan duwatsu suka fi dacewa da binnewa. Ko iskar gas da masana'antar take ƙonawa, a tankokin mota ake kawo ta daga kudu, domin bututun gas da aka fara shimfiɗawa a 2020 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano bai biyo ta Sakkwato ba.

Idan kuma aka ce a binne a nan gida, to mu tuna cewa duwatsun da ke ƙarƙashin ƙasarmu su ne suke riƙe ruwan da rijiyoyin burtsatse suke jawowa. A ƙasar da damina ba ta wuce wata huɗu ba, wannan ruwa shi ne rai. Duk wanda zai zo da irin wannan shiri, wajibi ne ya gabatar da bincike a fili, cikin harshen da jama'a suke ji, ya kuma bayyana wanda zai ɗauki alhaki idan wani abu ya ɓaci bayan shekara hamsin.

Sai kuma farashi. Kama iskar kabon yana ƙara wa siminti tsada ƙwarai, mu kuwa mun san gine-gine nawa ne suka tsaya a linta a garuruwanmu saboda kuɗin buhu ya gagara. Idan aka ɗora wannan kuɗi a kan mai saye, talakan da zafi ya ƙone masa gero zai biya sau biyu a kan laifin da ba nasa ba.

Abin da za a iya farawa yau

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Iskar da ba a fitar ba, ba ta bukatar kamawa, kuma akwai hanyoyin rage ta masu araha.

Hanya mafi ƙarfi ita ce rage kilinka a cikin buhu. Masana daga Suwizalan, Kuba da Indiya sun haɗu sun samar da wani siminti mai suna LC3, wanda kusan rabinsa kawai kilinka ne, sauran kuma gasasshen yumɓu ne da ɗanyen garin farar ƙasa da jifsam. Yumɓu yana gasuwa a zafin kimanin digiri 800, kuma ba ya sakin kabon kamar dutse, saboda haka hayaƙin yana raguwa da abin da zai kai kashi 40 cikin 100. A 2025 wata babbar masana'antar gasa yumɓu ta fara aiki a Tema ta ƙasar Ghana. Wannan hanya ba ta bukatar bututu ko jirgin ruwa.

Hanya ta biyu ita ce sauya makamashi. Iskar gas ta fi kwal da baƙin mai sauƙin hayaƙi. Ɓuntun shinkafa da ke taruwa a injinan casa na Sakkwato da Kebbi, da ɓawon gyaɗa, da tsofaffin tayoyi, duk ana iya ƙona su a tanderu. A watan Yunin 2023 hukumar IFC ta Bankin Duniya da abokan hulɗarta suka ba kamfanin BUA rancen dala miliyan 500 domin faɗaɗa aikin Sakkwato, aka kuma bayyana cewa wani ɓangare na makamashin zai fito daga shara da hasken rana. Hakkin jama'a ne su bi sawun irin wannan alkawari. Sai dai a kiyaye, kada neman makamashi ya kwashe karan dawa da harawa, waɗanda su ne abincin dabba da abincin ƙasa.

Hanya ta uku tana hannunmu. Kakanninmu sun gina soraye da tubali da azara, ɗakunan da ke da sanyi a bazara ba tare da fanka ba. Ba muna cewa a koma jiya ba ne, gama ruwan sama mai ƙarfi yana rusa ginin ƙasa marar kyakkyawan tushe. Amma akwai tsaka-tsaki, wato tubalin jar ƙasa da ake matsawa da inji, a sa masa siminti kaɗan, a ɗora shi a kan tushe na kankare, a yi masa rufi mai faɗin baki. A garin Dandaji na Jamhuriyar Nijar, ƙasar Hausa kamar tamu, an kammala babban masallaci da ɗakin karatu da irin wannan tubali a 2018, bisa zanen Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili. A Gando ta Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare da shi a 2001, ya kuma sami babbar lambar yabo ta masu zanen gini ta duniya a 2022. Kwamitocin gine-gine na ikilisiyoyinmu za su iya yin tunani a kan wannan kafin su sayi bulo dubu. Gini mai inganci ma ragi ne, domin katangar da birkila ya yi wa ha'inci ta faɗi bayan damina biyu ta ci siminti sau biyu.

Muryar Ikilisiya

Tun a saƙonsa na Ranar Zaman Lafiya ta Duniya, 1 ga Janairun 1990, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya koyar cewa lalacewar muhalli matsala ce ta ɗabi'a da lamiri. Marigayi Paparoma Francis ya faɗaɗa wannan a wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015, inda ya nuna cewa ƙasashe masu arziki suna da bashin muhalli a wuyansu ga ƙasashe matalauta. A wasiƙarsa ta 2023, Laudate Deum, ya ambaci dabarun kama hayaƙi kai tsaye. Ya yarda cewa wasunsu suna da alamar amfani, amma ya yi gargaɗi kada su zama faci a kan tsagar bango alhali tushen ginin yana ci gaba da ruɓewa.

Wannan shi ne matsayin da muke ganin ya dace. Kama iskar kabon tana da gurbinta, wato ragowar hayaƙin dutse da ba wata hanyar kawar da shi. Amma ita ce ta ƙarshe a jeri. A fara da rage kilinka, da gyara makamashi, da gini cikin hikima. Sa'ad da lokacin kamawa ya zo, adalci ya nuna cewa waɗanda suka cika sararin sama da hayaƙi shekara ɗari biyu su ne za su ɗauki babban kaso na kuɗi da na ilimi, kamar yadda gwamnatin Norway ta ɗauka wa tata masana'anta.

Kammalawa

Ya ku 'yan'uwa, mu 'yan tsiraru ne a wannan yanki, amma zafin rana ba ya tambayar addinin mutum, ruwan rijiya kuma tare muke sha da maƙwabtanmu Musulmi. Wannan batu ne da za mu iya zama a kansa tare da su, da masu unguwanni da hakimai, mu yi tambaya cikin ladabi da sani. Mu ƙarfafa 'ya'yanmu su karanta ilimin sinadarai, da na duwatsu, da aikin injiniya, domin idan ranar yanke shawara ta zo a sami 'yan ƙasa a teburin. Allah ya ba shugabanninmu da masu masana'antu hikima, ya ba mu damina mai albarka. Amin.

Tambayoyi domin nazari a ƙungiyoyi

1. Me ya sa sauya makamashi kaɗai ba zai kawar da hayaƙin siminti ba?
2. Mene ne bambanci tsakanin ƙurar masana'anta da iskar kabon, kuma wace hanya ake bi a magance kowacce?
3. Idan aka zo da shirin binne iskar kabon kusa da garinku, waɗanne tambayoyi za ku yi kafin ku amince?
4. A ginin da ikilisiyarku take shirin yi nan gaba, ina za a iya rage siminti ba tare da an rage inganci ba?